Malamin Shawara Tsakanin Rufin Asiri da Wajibcin Kai Rahoton Cin Zalin Yara: Nazari a Kan Ƙasar Bakura da Talata Mafara da Maradun

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu duba wata matsala da ke fuskantar malamin da aka ɗora wa aikin ba ɗalibai shawara a makarantunmu, watau abin da ya wajaba a kansa idan ya ga alamar ana cin zalin wani yaro da ke hannunsa. Mun zaɓi ƙasar Bakura da maƙwabtanta, Talata Mafara da Maradun, a Jihar Zamfara, domin mu kafa bayaninmu a kan wuri sananne, ko da ya ke abin da za mu faɗa ya shafi galibin ƙasar Hausa. Ra'ayin da za mu yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, kai rahoto a kan halin da yaro ke ciki daban ya ke da kai ƙarar wani mutum, kuma rashin rarrabewa tsakanin waɗannan abubuwa biyu shi ne babban abin da ke sa malamai su gani su kau da kai. Domin sauƙin magana, za mu riƙa kiran wannan malami da sunan "malamin shawara".

2.0 Asalin Aikin Malamin Shawara

Masu tarihin ilmi a Nijeriya su kan mayar da mafarin wannan aiki zuwa shekarar 1959, lokacin da wasu mata 'yan mishan a Kwalejin Santa Teresa ta Oke-Ado a Ibadan suka gayyato ma'aikata iri-iri domin su yi wa 'yan matan da za su gama makaranta bayanin ayyukan da za su iya nema. A 1976 aka kafa ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasa, sa'an nan Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta yi tanadin a horar da malaman shawara a tura su makarantun gaba da firamare. Da aka shiga tsarin 6-3-3-4 a 1982 sai bukatarsu ta ƙaru, domin a lokacin ne a ke son wanda zai taimaki yaro ya zaɓi hanyar da zai bi bayan aji uku na ƙaramar sakandare. Daga baya Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta fitar da manufa ta musamman a kan wannan aiki a 2018, kuma a 2022 aka sa hannu a dokar da ta kafa majalisar da za ta kula da masu wannan sana'a.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, an haifi aikin ne a kan zaɓen darasi da zaɓen sana'a, kuma har yanzu a nan ne horon malaman ya fi ƙarfi. Bugu da ƙari, a makarantun karkara galibi malamin aji ne a ke ɗora wa aikin a kan darussan da ya ke koyarwa, ba shi da ofis na kansa, balle wurin da zai kulle takarda. Amma duk da haka, tun da an sanar da ɗalibai cewa shi ne wanda a ke kai wa damuwa, ba makawa wata rana yaro ya zo masa da maganar da ta fi ta jarrabawa nauyi. A ranar ne a ke gane ko makaranta ta shirya shi, ko kuwa suna kawai ta ba shi.

3.0 Abin da Mu Ke Nufi da Cin Zali

Masana sun kasa cin zalin yara kashi huɗu. Akwai duka ko azaba da ke raunata jiki. Akwai lalata da yaro, namiji ko mace, ko ta hanyar tilas ko ta hanyar yaudara da kyauta. Akwai tozartawa da tsoratarwa da ke karya zuciyar yaro ko da ba a taɓa jikinsa ba. Na huɗu shi ne sakaci, watau hana yaro abinci ko magani ko sutura ko karatu alhali akwai halin ba shi.

A nan ya kamata mu tsaya mu rarrabe tsakanin horo da azaba, domin da zarar an ta da wannan magana sai iyaye su ce, icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma mai tanƙwara icce ba karya shi ya ke nufin yi ba. Malaman Malikiyya sun daɗe da shata wannan iyaka. Alal misali, Muhammadu ɗan Sahnunu, malamin Ƙairawan wanda ya rasu a shekarar 870, a littafinsa na ladubban malamai ya tsayar da dukan ladabtarwa a kan bulala uku, ba a ƙarawa sai da izinin uba, kuma ya hana bugun kai da fuska. Saboda haka mai ɗaure yaro da mari, ko ya ƙona shi da wuta, ko ya karya masa hannu, ba shi da mafaka a al'ada, ba shi da ita a addini. Haka kuma mu ke rarrabe yaron da ke taya ubansa korar tsuntsaye a gonar shinkafa ta Bakolori ranar da ba makaranta, da yarinyar riƙo wadda a ke ɗora wa tiren talla tun da asuba, a hana ta abinci idan ba ta sayar ba. Talauci shi kaɗai ba cin zali ba ne. Gidan da babu abinci taimako ya ke bukata. Gidan da a ke ci a hana maraya, shi ne abin da mu ke magana a kai.

Dangane da yawan abin kuwa, binciken da Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa kimanin yara 6 cikin 10 a Nijeriya sun gamu da wani nau'i na cin zali kafin su kai shekara 18. An sami mace 1 cikin 4 da namiji 1 cikin 10 waɗanda aka yi wa abin da ya shafi lalata, kuma waɗanda suka sami taimako ba su kai 5 cikin 100 ba. Binciken ya kuma nuna cewa galibi mai aikata abin sananne ne ga yaron. Waɗannan alƙaluma na ƙasa ne baki ɗaya, amma darasin da ke cikinsu a fili ya ke: idan mai cutar da yaro na gida ne, to makaranta ita ce wuri na farko da idon wani babba na waje zai iya faɗawa a kansa.

4.0 Matsayin Doka

Wajabta wa ma'aikata kai rahoto sabon abu ne a duniya. A Amurka ya samo asali ne daga wani rubutu da likita Henri Kempe da abokan aikinsa suka buga a 1962 a kan yaran da a ke kawowa asibiti da karaya da raunukan duka. Kafin ƙarshen 1967 kowace jiha a can ta yi dokar kai rahoto, kuma dokar tarayya ta 1974 ta sa sharaɗin a kare wanda ya kai rahoto da kyakkyawar niyya, ko da bincike bai tabbatar da zatonsa ba. A Afirka ta Kudu, sashe na 110 na Dokar Yara ta 2005 ya lissafa waɗanda wajibin ya hau kansu, kuma bayan malamai da likitoci ya haɗa da shugabannin addini da sarakunan gargajiya da masu maganin gargajiya. Wannan jeri ya fi kusa da halin zamanmu.

A Nijeriya, gwamnati ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haƙƙin yara a 1991, sa'an nan ta yi Dokar Haƙƙin Yara a 2003. Sashe na 1 na dokar ya ce maslahar yaro ita ce abin da za a fara dubawa a duk al'amarin da ya shafe shi, sashe na 11 kuma ya hana raunata shi ko wulaƙanta shi ko yin sakaci da shi ko lalata da shi. Sai dai sha'anin yara na jihohi ne a tsarin mulki, don haka dokar ba ta aiki a jiha sai majalisarta ta yi tata. Zamfara ta yi dokarta ta kare yara a 2022, lokacin mulkin Gwamna Bello Matawalle. A 2021 kuma Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta fitar da manufar tsaron makarantu da kawar da cin zali a cikinsu. Misali mafi bayyana na ɗora wa makarantu wajibin kai rahoto shi ne umurnin da gwamnan Legas ya sa wa hannu a 2016, wanda ya shafi makarantu da asibitoci da gidajen marayu.

Ashe ke nan haƙƙin yaro ya tabbata a takarda. Abin da ya rage shi ne hanyar da magana za ta bi daga bakin ɗaliba a wata makarantar ƙauye ta ƙasar Bakura har ta isa ga wanda ke da ikon ɗaukar mataki, ba tare da ta halaka yarinyar ko malamin a kan hanya ba.

5.0 Abubuwan da Ke Ɗaure Bakin Malami

5.1 Rufin asiri da zaman tare

Rufin asiri na daga cikin manyan abubuwan da Bahaushe ke roƙon Allah, kuma mai tona asirin maƙwabci ba ya da daraja a gari. Malamin shawara a Bakura ko Maradun galibi ɗan ƙasar ne. Wanda a ke zato yana iya zama surukinsa, ko abokin sahunsa a masallaci, ko mai gidan da ya ke haya. Idan magana ta fita, abin da aka saba shi ne dattawa su taru a zauren mai unguwa, a ba da haƙuri, a biya kuɗin magani, a ce a bar wa Allah. Sulhu abu ne mai kyau a rikicin gona ko bashi, inda masu jayayya biyu duk manya ne. Amma a nan wanda aka cuta ba ya cikin zauren, kuma da an watse gidan da ya fito nan zai koma. Asirin da aka rufa na babba ne, yaro kuwa shi ya biya kuɗin rufin. Malamai irin su Imamu Nawawi sun lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama giba, daga cikinsu akwai kai kukan zalunci ga mai iko da neman taimako domin kawar da ɓarna.

5.2 Zato da tsoron ƙazafi

Wannan shi ne cikas mafi girma, kuma shi ya fi keɓanta da Zamfara, jihar da ta fara aiki da dokokin laifuka na Shari'a a Janairun 2000, a zamanin Gwamna Ahmad Sani, wanda shi ma ɗan Bakura ne. Bahaushe ya ce zato zunubi, ko da ya zama gaskiya. Shari'a kuma ta tanadi bulala 80 ga wanda ya jefi wani da zina bai kawo shaidu huɗu ba. Mutane ba su manta da shari'ar wata yarinya ta ƙasar Tsafe ba, wadda aka samu da ciki a shekarar 2000, ta ambaci maza uku ta ce tilasta ta aka yi, suka musanta. Kotu ta yanke mata bulala 100 na zina da 80 na ƙazafi. An janye na ƙazafin daga baya, aka zartar da ɗarin a Janairun 2001. Malamin da ya san wannan labari dole ya tambayi kansa, in ya yi magana, a kan wa abin zai ƙare?

Amsarmu ita ce a gyara siffar rahoton kansa. Mai kai ƙara yana cewa ne, wane ya aikata kaza, kuma hujja tana kansa. Mai kai rahoto kuwa yana cewa ne, na ga yarinya 'yar shekara kaza a cikin hali kaza, ga abin da na gani, ga abin da ta faɗa da bakinta, ina neman a duba ta. Bai yanke wa kowa hukunci ba, kuma bai yaɗa magana a kasuwa ba, ya miƙa ta ne a asirce ga wanda hukuma ta naɗa. Zaton da a ke zargi shi ne wanda ba shi da madogara, mai shi kuma ya zauna a kansa yana ɓata sunan mutane. Zaton da ya dogara da rauni a jiki ko furucin yaro kuwa, maganinsa shi ne a miƙa shi ga mai bincike domin ya tabbata ko ya faɗi. Har ila yau, malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa babu haddi a kan wadda aka tilasta. Wajibi ne wanda zai karɓi rahoto ya fara da wannan, don kada wadda ta zo neman ceto ta zama abin tuhuma.

5.3 Amanar da yaro ya ba malami

Sau da yawa yaro ba ya buɗe baki sai ya ce, "Malam, ka yi mini alkawari ba za ka gaya wa kowa ba." Riƙe sirri ginshiƙi ne na aikin shawara, amma masu sana'ar ko'ina sun yarda yana da iyaka, watau inda rai ko lafiya ke cikin haɗari. Kuskure ne malami ya ɗauki alkawarin da ba zai iya cikawa ba. Abin da ya fi shi ne ya ce wa yaron ba zai gaya wa 'yan ajinsu ko mutanen gari ba, amma idan ana cutar da shi dole ya nemo wanda zai taimaka, kuma zai sanar da shi kafin ya yi haka. Ya kamata ɗalibai su ji wannan ƙa'ida tun a taron safe na farkon zango, kafin bukatarta ta taso.

5.4 Halin tsaro

A shekarar 2021 kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin nan uku ta ga satar ɗalibai. Ran 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan matan makarantar sakandare ta Jangebe a ƙasar Talata Mafara, aka sako 279 ran 2 ga Maris. A watan Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. Ran 1 ga Satumba kuma aka ɗauki ɗalibai 73 a makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya a ƙasar Maradun, abin da ya sa gwamnati ta rufe makarantun jihar, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci. Wannan cin zali ne na fili wanda ba ya bukatar rahoton malami. Abin da ya shafe mu shi ne abin da ya biyo baya. Ƙauyuka sun tashi, yara da yawa sun koma hannun dangi ko aikatau a cikin gari, wasu sun rasa iyaye, kuma irin waɗannan su ne ba su da mai tsaya masu. Daɗin daɗawa, a inda mutane ke tsoron a ce da su masu kai tsegumi, kalmar "rahoto" kanta ta zama abin gudu. Darasi na biyu shi ne, tsarin da ya dogara da lambar waya kaɗai, ko da tafiya Gusau, zai tsaya cik a ranar da aka fi bukatarsa. Dole a sami mai karɓar magana a cikin ƙaramar hukumar kanta.

6.0 Yadda Rahoto Ya Kamata Ya Kasance

Alamun da ke sa malami ya lura sanannu ne: rauni da bayaninsa bai dace da shi ba, ko tabon bulala sabo a kan tsoho, yaro mai ƙoƙari ya koma shiru ko barci a aji, tsoron tashi makaranta, kuɗi ko waya a hannun yarinya ba a san mafarinsu ba, wahalar zama ko tafiya, yawan fashi ba dalili. Alama ɗaya ba hujja ba ce, amma idan suka taru, ko yaro ya yi furuci, to lokacin magana ya yi. Muna ganin matakan su ne kamar haka:

(a) Malami ya saurara a natse a wurin da a ke ganinsu amma ba a jin maganarsu. Idan yarinya ce, a sami malama mace a wurin. Kada ya sa wa yaro magana a baki, kada kuma ya tuɓe shi domin duba rauni.

(b) Ya rubuta abin da ya gani da abin da ya ji a ranar, da kalmomin yaron, ya sa kwanan wata da hannu. Ra'ayinsa a kan wanda ya aikata ba ya cikin takardar.

(c) Ya sanar da shugaban makaranta a ranar, su miƙa maganar ga jami'in jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma. Idan akwai rauni mai tsanani ko fyaɗe, asibiti ne farko, sa'an nan 'yan sanda. Maganin rigakafin cutar ƙanjamau ba ya amfani sai an fara shi cikin awa 72, saboda haka jiran taron dattawa na iya jawo wa yarinya ciwon da za ta ɗauka har mutuwa.

(d) Kada ya je ya tunkari wanda a ke zato. Bincike aikin wasu ne. A sanar da iyaye da wuri, sai fa idan zaton a kansu ya ke.

(e) Idan wanda a ke zato malami ne ko shugaban makarantar kansa, a tsallake shi a kai maganar ga sakataren ilmi ko ofishin shiyya. Canja wa irin wannan malami wurin aiki a asirce kai cuta ne ga yaran wata makaranta.

(f) Bayan rahoto, malami ya ci gaba da kula da yaron a aji, ya kare shi daga gorin abokai, ya bi sawun maganar har ya ga inda ta tsaya.

7.0 Kammalawa

Mun nuna a wannan takarda cewa aikin malamin shawara ya faro ne daga zaɓen sana'a, amma halin da yara ke ciki ya ɗora masa nauyin da ba a horar da shi a kansa ba. Mun kuma nuna cewa al'ada da addini da dokar ƙasa duk ba su goyi bayan shiru ba, matuƙar an fahimci rahoto a matsayin neman a duba yaro. Sai dai ba adalci ba ne a wajabta wa malami magana a bar shi shi kaɗai da fushin gari. A Amurka ma, inda dokar ta daɗe, yawancin rahotannin da a ke bincika ba a tabbatar da su, wanda ke nuna cewa wajabci ba tare da horo da wurin karɓa ba, tara takardu kawai ya ke yi.

Saboda haka muna ba da shawara Ma'aikatar Ilmi ta jiha ta aika wa kowace makaranta takarda guda, da Hausa, mai bayyana wanda za a kai wa rahoto a kowace ƙaramar hukuma, da kwanakin da zai ba da amsa, da tabbacin kariya ga wanda ya yi magana da kyakkyawar niyya. Kwalejin Ilmi ta Maru da sauran wuraren horar da malamai su sa wannan darasi a cikin manhajarsu. A zauna da fadar Bakura da ta Mafara da ta Maradun, da limaman Juma'a da Hukumar Hisba da kwamitocin kula da makarantu, a yi ittifaƙi a kan laifukan da ba a sulhunta su a zaure. A kuma shigar da makarantun Islamiyya da na allo cikin tsarin, domin yaran da ke can sun fi kowa nisa da iyayensu. Bahaushe ya ce ɗa na kowa ne. In haka ne, to malamin da ya kai kukan ɗan wani, kukan ɗansa ya kai, kuma ya cancanci gari ya tsaya a bayansa.